Kuɗin fito mun gada, VAT ce har yanzu ba ta da suna

Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma biyu, kuɗin fito da VAT, da kafafen labarai ke cusa wa a buhu ɗaya suna kira "haraji". Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ta Apapa ko tashar Dala a Kano ya san ba abu ɗaya ba ne, domin aljihunsa ne ke bambanta su.

Na farko ba sai mun ƙirƙira ba: kuɗin fito. Asalinsa abin da ake biyan mai kwale-kwale ya haye da kai ko kayanka, daga baya ya zama abin da kwastan ke karɓa a kan kayan da suka tsallako iyaka. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram kan ce kuɗin duwan, shi ma daidai ne. Amma a kula, fito ba fita ba ce. Na sha jin ana fassara shi da harajin fitar da kaya, alhali a Najeriya mai shigowa da kaya ne ke biyansa, bisa jadawalin ECOWAS mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da kashi 35 cikin ɗari.

Inda gizo ke saƙa ita ce VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya duk lokacin da aka sayar, wadda 'yan kasuwa ke kira "bat", a Nijar kuma TVA. Ta fara aiki a Najeriya a 1994 kan kashi 5, aka ɗaga ta zuwa 7.5 a 2020. A Nijar kashi 19 ce.

An fi jin ana ce mata "harajin kayan masarufi". Ni dai ban yarda da shi ba, don yana yaudarar mai karatu: kayan abinci na yau da kullum da magunguna su ne ma doka ta ɗauke wa wannan haraji. To ina masarufin?

Wasu sun ce "harajin riba". A'a. Ko faɗuwa ka yi a cinikin sai an karɓe ta, harajin riba kuma nasa daban ne. "Harajin ƙarin daraja" ya dace da takardar ofis, amma faɗi shi a Kantin Kwari ka ga wanda zai gane.

Ku dubi yadda suke aiki, sunan zai fito da kansa. A ce Alhaji ya shigo da kaya na naira miliyan 10, har da kuɗin jirgi da inshora, a matakin kashi 20. Kuɗin fito miliyan 2. Sannan a ɗora VAT a kan miliyan 12 ɗin gaba ɗaya, ba a kan 10 ba, ta kama 900,000, ban da ƙananan kuɗaɗen tasha. Wato haraji a kan haraji. Miliyan 2 ɗin nan ta tafi ke nan, sai dai ya narka ta cikin farashi. Ita kuwa 900,000, idan yana da rajistar VAT, zai cire ta daga abin da ya karɓa hannun dillalansa kafin ya miƙa wa gwamnati saura. Haka take gangarawa daga hannu zuwa hannu har ta tsaya kan wanda ya saya don amfanin kansa.

Shi ya sa mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau ake lissafa masa VAT a kan sifili: mai cin kayan yana wata ƙasa, can za a caje shi, kuma can mai karɓar kayan zai gamu da nasa kwastan.

Don haka nake ba da shawarar "harajin saye", tunda mai saye take bi. Irin na jihohin Amurka, wanda ake karɓa sau ɗaya tak a wurin biyan kuɗi, mu ce masa "harajin kanti".

Na san malaman fassara za su ce "saye" ya yi faɗi, bai nuna ƙarin da ake samu a kowane hannu ba. Gaskiya ne. Wanda yake da kalmar da ta fi ta, kuma dillali zai iya faɗinta a waya ba tare da an ce ya maimaita ba, ya kawo.