Shawarwarin da aka tattara ga wadda aka ci wa zarafi ta hanyar fyaɗe

Yawancin waɗanda suka ba da shawarwarin sun dage a kan abu ɗaya: asibiti tukuna. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, kuma rahoton likita hujja ne a kotu. Kada ta yi wanka, kada a wanke tufafin, ko da yake zuciya ba ta son haka. Saƙonnin barazana a waya ma a adana su.

Daga nan sai 'yan sanda. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, ta ba da damar neman umarnin kariya da diyya, a Abuja da jihohin da suka karɓe ta. Marasa kuɗin lauya su nemi FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata.

An ja kunnen iyaye sosai kan sulhun ɓoye don gudun abin kunya, domin wata yarinyar yake jefawa cikin haɗari nan gaba.