Ƙanwata ta daina cin abinci, gida ya rabu uku

Yayar Ummi: Assalamu alaikum. Ƙanwata shekararta 17, tana SS3. Tun hutun Disamba take zubewa. Mun yi gwajin taifod da olsa sau biyu, babu komai. In an zuba mata tuwo sai ta yi ta jagwalgwala shi, ta ci loma uku ta shige banɗaki ta kunna famfo. Azumin Litinin da Alhamis ya koma na kullum, ba sahur. Wata huɗu ba ta ga al'ada ba, gashinta yana zuba, ga rigar sanyi a wannan zafin. Jiya ta tsaya gaban madubi ta ce min ita ƙatuwa ce. Umma ta ce a kira mai ruƙiyya, Abba ya ce iskanci ne, a tsare ta da bulala. Ni likitan ƙwaƙwalwa nake so ta gani, amma WAEC saura wata biyu, Abba kuma ya rantse 'yarsa ba za ta taka "asibitin mahaukata" ba. In kai ta a ɓoye ko in jira ta gama jarrabawa?

Maman Sadik: Olsa ce wallahi. Ki dinga ba ta madara da zuma da safe.

Yayar Ummi: Anti, na ce fa an gwada.

Sista Nas: Kada ki jira. Abin da kika lissafa ya yi kama da anoreksiya, cutar da mutum ke ƙin abinci don tsoron ƙiba alhali ya rame. Shiga banɗakin nan bayan cin abinci, in amai take janyowa, shi ya fi ba ni tsoro, yana zubar da sinadarin fotasiyam, bugun zuciya ya rikice. Ki fara da likitan asibiti, ki faɗa masa komai, a auna jininta da zuciyarta, shi zai tura ku gaba. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Kuma ki roƙi Abba ya bar maganar ɗura. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi lokaci ɗaya yana iya bugawa.

Gwaggon Yara: Hmm. Kin taɓo min inda yake min ciwo. 'Yar yayata haka ta fara, bayan dangin wanda zai aure ta sun ce ta cika jiki. Shekara biyu ana ba ta maganin olsa a wani asibitin kuɗi, ba wanda ya taɓa tambayarta me take ci. Aka ɗora wa kishiyar uwarta, har yau ba sa ga maciji. Rubutu, hayaƙi, tunkiya biyu, duk an yi. Mai cire haƙori ne ya fara cewa yarinyar nan tana amai, don haƙoranta sun cinye ta ciki. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kicin aka yarda. Tana raye, Alhamdulillah, amma auren ya fasu, karatu ya tsaya, uwarta kuma har gobe cewa take sammu ne.

Maman Sadik: Innalillahi. To ke me ya tabbatar miki ba sammun ba ne?

Abban Hanifa: Ganin likitan a asibitin gwamnati bai kai mu dubu biyar ba.

Gwaggon Yara: Wane zamani? Dubu talatin muke biya duk zama.

Abban Hanifa: Na kuɗi kuka je, Hajiya.

Malam Na Ƙofa: Sista, ke nas ce ko likita? Daga karanta rubutu har kin raɗa wa cuta suna. Ku fara da addu'a.

Sista Nas: Malam, cewa na yi ya yi kama. Wa ya hana addu'a? A tofa mata, a kuma auna jinin.

Ɗan Autan Mama: Tuwon da take bari dai a dinga turo min, ni cutata akasin tata ce.

Gwaggon Yara: Kai yaro, ka kiyaye ni.

Amaryar Bana: Ni laifin gwaggonni nake gani, ban da ke Gwaggo. Ka yi jiki su ce ka zama buhu, ka rame su ce wa zai kwashi ƙashi. Kafin bikina 'yar ƙwayar nan "sha ka fashe" aka kawo min, fuskata ta kumbura kamar fanke.

Yayar Ummi: Jama'a, maganar Abba fa? Ta yaya zan tunkare shi?

Maman Sadik: Ai masu tallan shayin rage tumbi a Instagram sun fi masu ƙwayar mugunta. Dubu goma sha biyar na ba wata, kwana uku ina zarya banɗaki, da na yi magana ta toshe ni. Akwai wanda ya san inda ake kai ƙararsu?