Mayyar da Ba a Nuna Ba: Musayar Waƙa a Kan Wani Fim ɗin Daji

Ɗan Gidan Kallo: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na kalli The Blair Witch Project, fim ɗin Amurkan nan na 1999 da ake ta zuzutawa. Ga ƙorafina a waƙe. Mai baki ya mayar.

An ce da ni akwai fim mai kaɗa hanta,
Wai ɗalibai uku ne suka ɓace a daji.

Na sauke shi a waya, data ta ƙone,
Na biya kuɗi tamkar mai biyan haraji.

Minti 81 ina zaune na zuba ido,
Ban ga dodo ba, kai, ban ga ko maciji.

Mayyar da aka laƙa wa fim ɗin sunanta,
Ƙafarta ban gani ba, muryarta ban ji.

Sai ganye, sai duhu, sai haki da ashar,
Suna ta tsattsagar juna kamar kaji.

Kyamara na rawa kamar a hannun mai zazzaɓi,
Jiri ya kwashe ni har na nemi agaji.

Duk wanda ya ce wannan abin tsoro ne,
Ya fito fili: fim ne, ko kuwa gwaji?

Uwar Tagwaye: Wa alaikumus salam. Bari in sauke tukunya in ba ka amsa.

Ƙanena, rabin zancenka na karɓa,
Ni ma na kalle shi da daddare, bara.

Abin da ya ƙona mini rai ba mayya ba ce,
Yaron nan ne da ya shure taswira.

Kana tsakiyar kurmi, ba ka san gabas ba,
Ka tura takarda a rafi, ina dabara?

Ita kuma 'yar, ana yunwa ana kuka,
Ta ƙi ta sauke wannan ja'irar kyamara.

Da nawa ne, tun daga zaure zan tare su,
In ce ku koma, ba a farautar mayya, yara.

Amma daren da aka jijjiga musu tanti,
Na sa sakata, na jingina turmi na ƙara.

Ɗalibar Jarida: Yaya Ɗan Gidan Kallo, ka ce gwaji da nufin zagi, ba ka san ka faɗi daidai ba.

Yayana, gwaji ne, ban musa maka ba,
Sai dai gwajin ya bai wa duniya mamaki.

Myrick da Sánchez, samari marasa jari,
Su biyu suka tsara shi, suka raba aiki.

Oktoban 1997, a dajin jihar Maryland,
Kwana 8 kacal aka yi ana ɗauka a ciki.

Ba a rubuta wa 'yan wasa zance ba,
Abin da ya zo wa kowa shi ya fito a baki.

Su da kansu suka riƙe kyamarorin,
An nuna musu hanya an sake su kamar awaki.

Kullum a bar musu saƙo cikin gwangwani,
Kowa da nasa, ɗan'uwansa bai san me ke ciki.

Abinci kuwa kullum sai an rage shi,
Don gajiyar ta zama ta gaske, haka ma haki.

Da dare masu fim su lallaɓo su girgiza tanti,
Gudun da ka gani, ƙafa ce ta rasa birki.

Lissafi ba ya shiga waƙa da daɗi, don haka ga shi a zube. Abin da aka kashe wajen ɗauka bai wuce dala 60,000 ba, ko da yake gyaran hoto da sauti daga baya ya ƙara kuɗin sosai. Kusan awa 20 suka ɗauka, aka tace zuwa mintocin da ka ƙirga. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a Janairun 1999, kamfanin Artisan ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 1.1, ya kuma tara kusan dala miliyan 250 a duniya. 'Yan wasan uku, Heather da Josh da Mike, da sunayensu na gaskiya suka fito. Aka raba takardun cigiyarsu, aka buɗe shafin intanet mai ɗauke da rahotannin 'yan sanda na bogi, har mutane da yawa suka ɗauka da gaske sun ɓace.

Ɗan Gidan Kallo:

Ƙanwata, boko ya yi rana, na ji lissafi,
Amma ciniki ba ya zama shaidar gaskiya.

An ce wa Amurkawa yara sun ɓace da gaske,
Suka yi dogon layi don su sayi ƙarya.

Namu na gida da ke shafa wa aljani hoda,
Ya fito cikin likkafani yana ɓaɓɓaka dariya,

Aƙalla sun nuna mini abin da na biya wa,
Waɗannan sun karɓi kuɗina sun ɓoye mayya.

Direban Dare: Ni baiti uku gare ni, fasinja na jira.

Na so a ce masu fassara sun juya shi Hausa,
In ji abin da suke faɗi, in bi labari.

Sai na tuna mai fassara ba ya ƙaunar shiru,
Duk inda aka yi tsit sai ya yi ƙari.

Shi kuwa fim ɗin nan shirunsa ne jarinsa,
In an cika shi da barkwanci an rushe tsari.

Baba Maharbi: Jikana ne ya kunna mini, shi ne kuma ke rubuta mini wannan. Turancinsu ban ji ba, amma na ji dajin.

Ɗana, a ina ka zauna ka kalle shi?
Da rana tsaka, a shago, ana ta sowa?

Kai ɗan birni ne, fitila ce ta raine ka,
Ba ka taɓa kwana kai kaɗai a dawa.

Na yi shekaru ina bin sawun nama,
Na ga kura ido da ido, na hangi giwa.

Duk abin da ido ya gani yana da magani,
Ka hau itace, ko ka ɗana, ko ka yi kuwwa.

Abin da ya taɓa sa gwiwata ta yi sanyi,
Ba shi da haƙori, sunansa makuwa.

Na bar wata tsamiya da hantsi na miƙe,
Ban karkata ba, ban tsaya shan inuwa.

La'asar sakaliya na ɗaga kaina,
Sai ga tsamiyar tana mini barka da zuwa.

Ga tokar wutar da na kashe da hannuna,
Ga sawuna ya tafi, ga ni ina dawowa.

Yaran nan sun nufi kudu yini sukutum,
Suka iske gungumen da suka gama hayewa.

Da yarinyar ta gane shi ta fashe da kuka,
Na ce jikana tsayar, ƙirjina na bugawa.

Ka kwanta ba komai a bakin tantinka,
Da safe tsibin duwatsu uku, ba sawun kowa.

Ga ƙirare an ɗaure su da siffar mutum,
Suna lilo a rassa, ba iskar da ke kaɗawa.

Ba sai an nuna maka mai aikin ba,
Ya isa ka san yana kusa, yana dubawa.

Kakarku da ke muku tatsuniyar Dodo,
Ta taɓa zana muku shi? Duhu ke zanawa.

Uwar Tagwaye: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ka tuna mini wani wuri. Na ji an ba yarinyar nan kyautar izgili ta Razzie, wai ta fi kowace 'yar wasa rashin iyawa a shekarar. Ban yarda ba.

Ana mata dariya don hanci na zubar majina,
Ta kusanto da kyamara tana hawaye.

To wa ya taɓa yin kukan mutuwa da kwalliya?
Tsoro ba ya jiran a share, a gyara, a ɓoye.

Ba kanta ta yi wa kuka ba a daren nan,
Gafara take roƙo a wurin iyaye.

Ta ambaci uwar Mike, ta Josh, da tata,
Nan na daina jin haushinta, ni uwar tagwaye.

Ɗan Gidan Kallo: Baba, na durƙusa, ba na ja da kai a kan daji. Amma ƙarshen fa? Sun shiga kango, sun sauka ɗakin ƙasa, ga Mike tsaye yana kallon bango, kyamara ta faɗi, shi ke nan. Wannan ai tsintsinkewar fim ne, kuɗi ne suka ƙare.

Ɗalibar Jarida:

Yayana, kana latsa waya aka ba da amsa,
Tun farkon fim, a bakin mutanen gari.

A Burkittsville suka tsaya tambayar dattawa,
Aka ba su tarihin Rustin Parr, mugun labari.

Wai yara bakwai ya kashe a shekarun 1940,
Bibbiyu yake kai su ƙasa, haka ne tsari.

Ɗaya ya juya ya fuskanci kusurwa,
Har a gama da ɗayan, shi yana jiran wuri.

To in ka ga Mike ya ba da baya a lungu,
Wa ke riƙe da kyamara? Wa za a fara da sauri?

Garin na gaske ne, ɗan ƙarami a Maryland. Parr da mayyar kuwa masu fim ne suka ƙirƙire su.

Ɗan Gidan Kallo: Kwana biyu kun ji ni shiru. Ga dalili.

Baba, na bi maganarka na sake kallo,
Ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta.

Har yanzu ina nan a kan bakana,
Fim ɗin da ba dodo bai cika ba, ku rubuta.

Sai dai da ya ƙare fitsari ya matse ni,
Na lallaɓa tsakar gida riƙe da buta.

Na haska lungu, sai ga mutum a tsaye,
Ko motsi ba ya yi, bango yake fuskanta.

Ban san sa'ad da butar ta bar hannuna ba,
Ihun da na kurma ya tashi har maƙwabta.

Ashe ƙanena ne, a lungun ake samun sabis,
Budurwa ce ta yi fushi, yake lallashinta.

Uwar Tagwaye: Butar ta fashe?

Ɗan Gidan Kallo: Ta tsage, Yaya. Kuma ta alwalar mahaifinmu ce. Da sassafe na sayo wata.