Masu bincike, yaya ranarku take, kuma da mi kuke kai ilimin ga manoma?

Dan_Soura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, shekara ta ukku, fannin noma. Ina son in ci gaba har in zama mai bincike, amma tsohona kullum tambaya tai ɗaya ce, wai wanga karatu mi zai ƙara ma gonarmu ta hatsi, kuma wallahi in na fara yi mishi bayani sai Faransanci ya cika mini baki in rasa Hausar abin. To ku da kuke cikin aikin, yaya ranarku take, labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, kawai ne ko akwai rayuwa? Wane kaya ya kamata in fara saye da ɗan kuɗin bursu? Kuma in buɗe shafi a Facebook ko TikTok ko in bari?

Mai_Kwari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni aikina ƙwarin hatsi ne, kuma rabin shekarata ba a labo nake yinta ba. Da damina bayan asuba nake hawa moto in tahi gona, musamman watan Agusta da hatsi ke fidda kai, don lokacin ne malam buɗe littafin murzuna ke zuba ƙwai bisa zangarniya, tsutsar ta fashe ta dinga ci tana zagayawa kamar an murɗa igiya, in ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta kwanta har wata damina. Aikinmu shi ne mu kiwata wani ɗan zanzaro ƙarami, Habrobracon hebetor, mu sa shi cikin 'yan buhunan algarara tare da hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kai, a rataya a gonaki, shi kuma ya fita ya harbi murzuna ya shanye mata jiki ya yi ƙwai bisanta. An daɗe ana wannan aiki a cibiyar INRAN, wato hukumar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna, ka je ka gani da idonka, ba nisa.

Ka lura ban ce ma manomi "parasitoïde" ba ko sau ɗaya. Cewa nake ɗan zanzaro mai kashe murzuna, sannan in fasa zangarniya gabanshi in nuna mishi tsutsar da ta mutu ta yi baƙi. Daga nan shi ke ci gaba da bayanin ma maƙwabta, ni sai saurare.

Kaya kuma, waya mai kamara mai kyau ta fi mini komi, sai ɗan gilashin da ake maƙala ma kamarar don ƙaramin abu ya fito, da pawa banki da ɗan fano na rana saboda kuran in ya ɗauke. Littahi da fensir kar ka raina su, waya na iya mutuwa da zafin Afrilu. Da maraice ina fada muna shayi, kuma ina kiwon tattabaru, su ke kwantar mini da hankali in lissafi ya ƙi fita.

Maman_Nana:
Ɗana ka buɗe shafin, amma ka sani yawancin waɗanda kake son su ji ba su karanta dogon rubutu. Ni a ajiyar wake nake aiki da ƙungiyoyin mata, kuma vokal na WhatsApp na minti biyu ya fi mini rubutu shafi goma. Misali buhun PICS mai riɓi ukku, leda biyu ciki buhu ɗaya waje, na yi ta faɗin ƙwaro na shanye iskar ciki ya mutu ba sai an zuba magani ba, wasu ba su yarda ba sai da muka ɗaure buhu gabansu bayan girbi, muka kwance bayan wata shidda na ɗauki bidiyo waken na zuba tas babu huda. Wannan bidiyon har yanzu yawo yake. Abu ɗaya nake roƙonka, abin da ba ka gwada ba kar ka yi vokal a kanshi, don in mace ta yi asarar buhu biyu saboda maganarka abincin gidanta ne ya tahi.

Dan_Soura:
Na gode Malam, na gode Mama, Allah shi saka. Malam in an fara rataya buhunan bana don Allah a tahi da ni ko riƙon kaya ne in yi, gonar tsoho tana hanyar Tibiri kuma bara murzuna ta ci mu ƙwarai.

Mai_Kwari:
Ba damuwa. Ka fara leƙa gonar tun hatsi na ciki, ranar da ka ga kai ya fara fita ka ɗauko mini hoton zangarniya biyar daga wurare daban-daban, kusa sosai, da rana ba da inuwa ba. Kuma ka zo da tsohon naka ranar ratayar.