Musayar waƙa: Ruwan Alau da masu gudun hijira

Ɗan Gwange:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe fage kan ambaliyar da ta ci Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024. Ƙafiyarmu "ra" ce, mai baiti ya ɗora.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Sarkin da ke bai wa mai rauni nasara.
Cikin dare madatsar Alau ta ɓalle,
Kafin asuba birni ya tashi ƙaura.
Ngadda ta cika, ta haye gaɓarta,
Gwange da Fori ba gidan da ya yi saura.
Kasuwar Monday, har ƙofar Shehu,
Asibitin koyarwa, wa ya tsira?
Gidan namun daji ya sako macizai
Da kadoji cikin layin wasan yara.
Na ga uwa, ruwa ya kai mata ƙirji,
Jinjiri a baho, bisa kai ta ɗora.
Geron da muka ɓoye ya jiƙe ya tsiro,
Mai ciyar da goma ya koma bara.

'Yar Gwoza:
Sannu Yaya, Allah ya mayar da alheri. Ga tawa.

Yaya, ruwa ya kore ka sau ɗaya,
Ni ko da harsashi na soma hijira.
A 2014 aka ƙwace Gwoza,
Muka bi duwatsu, ba tuwo, ba fura.
Sansanin Bakassi a Maiduguri ya zama garinmu,
A layin abinci muka koyi jira.
A 2021 aka ce mu tashi,
Wa ya tambaye mu ko da shawara?
Na kama ɗakin haya, ina ɗinkin hula,
Sisi da kwabo har jari na tara.
Ruwa ya kwashe zare da tabarma,
Ya mai da ni Bakassi, inda na fara.

Malam Na-Damagaram:
Ɗiyata, na karanta, hawaye ya zubo,
Ki riƙe Allah, wannan duk ƙaddara.
A Zinder ma cikin Satumban 2024
Ruwa ya ka da tsohon masallaci, mun yi asara.
Maradi ta shimfiɗa wa baƙi tabarma,
Masu gudun bindiga daga Sakkwato da Zamfara.
Duk wanda ya raba tuwonsa da baƙo
Zai iske ladansa gobe a lahira.

Ɗan Jere:
Allah gafarta Malam, da girmanka, amma ina da ja.

Mun yarda da hukuncin Ubangiji, Malam,
Amma sakaci ba sunansa ƙaddara.
A 1994 Alau ta yi mana haka,
Shekara 30 cur, ina aka kai gyara?
An yi gini a kan hanyar ruwa,
Magudanai sun toshe da leda da shara.
Manzo (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi
Sannan tawakkali, Malam ka lura.

Malam Na-Damagaram:
Ɗana, tuhumi mai laifi, ban hana ba,
Ita dai ta'aziyya ce ta dace in fara.

Anti Nas:
Ku ajiye gardamar tukuna, ku leƙo inda muke aiki.

Ruwa ya janye, masu hoto sun tafi,
Abin da ya biyo bayansa kwalara.
Rijiya ta gauraya da ruwan masai,
Shi ake ɗiba a shayar da yara.
In na naɗa ma'auni a damtsen yaro
Ya tsaya kan ja, tamowa mai tsanani ce ta fara.
Uwarsa ta ce, "Anti, jiya ma bai ci ba,"
Ita ma nonon ya ƙafe, ba saura.
Mai kawo shinkafa, Allah ya saka,
Ka haɗo da sabulu, ka haɗo da madara.
Gidan sauro, bargo, audugar mata,
Kunya ke hana su faɗa a wajen hira.
Yaron da ke firgita in ƙofa ta buga,
Shi ma majinyaci ne, likita ya lura.
A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya
Ta ce kuɗi sun ƙare, ta yi kira.
Mutum miliyan 1.3 ke dogaro da ita a lokacin,
In ta ɗauke hannu, su wa za su jira?

Bazamfare:
Anti, Allah ya biya ki. Ku ji namu na yamma.

Ku ko sansani kun taɓa samu,
Namu na kwana a kango da gindin durumi a Zamfara.
Ba rajista, ba kati, ba layin hatsi,
Matan aure na bin titin Gusau suna bara.
Gonarka ce, amma sai ka biya haraji
Ga mai bindiga kafin ka yanki kara.
Ran da kuɗin fansa suka cinye shanu,
Ran nan aka kulle gida aka yi ƙaura.
Mutanen Mokwa, muna jin naku kukan,
Ruwan Mayun 2025, fage naku ne, ku ɗora.

'Yar Gwoza:
Ɗan'uwa, ciwon namu ɗaya ne ashe,
Ku 'yan bindiga, mu Boko Haram ta kora.
Mudun agaji na gode, ba na rainawa,
Amma ba shi nake son bar wa yara.
A tsare hanyar gona, a tsare ta gaske,
A ba ni iri da fartanya kafin damina ta fara.
A gyara Alau, a mai da 'ya'yanmu aji,
Ni da hannuna zan cika rumbu da dawa da masara.