Neman shawara: an ba ni jagorancin matan unguwa, amma izinin zuwa asibiti yana bakin mazan da ke ci-rani

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a wani ƙauye ta wajen Miga. Bayan babbar sallah matan unguwarmu suka ce ni ce jagorarsu a harkar lafiya, mai unguwa kuma ya ba da sunana a kwamitin mazaɓa mai kula da ɗan asibitinmu. Iyakar karatuna sakandare.

Ga damuwata. Da an gama girbin gero da shinkafa, mazanmu sai su watse ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ba mai cewa a tafi da mace asibiti. Uwar miji ta ce sai an ji daga bakinsa, ƙaninsa ya ce ba shi ya ajiye ta ba, a kira waya ta ƙi shiga. Haka muka rasa maƙwabciyata a hunturun bara. Ta haihu bayan isha'i, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya jiƙe zannuwa ya ratsa tabarma. Kanta na bisa cinyata ana ɗura mata jiƙo ana neman mijin. Da aka samu izini sai neman mota, da aka samu mota sai neman kuɗin mai. Ba a kai bakin kwalta ba ta cika.

Na kai maganar zaman kwamiti. Mu biyu ne mata a ciki. Aka ce "to Hajiya, an ji," aka koma zancen gyaran katanga. Inna ungozoma, wadda ita ta yanke mini cibi, ta daina amsa gaisuwata, wai zan kashe mata sana'a. Wasu na cewa biyana ake yi, wallahi ko sisi. Ina son haɗa asusun gaggawa amma ina tsoron kuɗi ya haɗa ni da mutane. Ta ina zan kama? Ko in ajiye musu?

Wata 'yar uwa daga Gumel:
Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Kada ki ajiye, Yaya. In kin ajiye wa zai sake faɗa musu?

Wata malamar asibiti mai karɓar haihuwa:
'Yar uwa, abin da kika gani shi muke gani kullum. Jinkiri uku ke kashe mana mata: na yanke shawarar tafiya, na hanya, da wanda ake samu bayan an iso asibiti. Na farkon nan ba ya cin ko kwabo, don haka da shi za ki fara. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace mai lafiya cikin awa 2, babu lokacin jiran waya. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a karɓi izinin tun miji bai ɗauki jakarsa ba. Ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifiyarsa da mai unguwa ko liman: "In an ga kaza da kaza a kai ta, na yarda." Uwar mijin ma ba mugunta take yi ba, tsoron ɗaukar laifi take. In ɗanta ya sauke mata nauyin, da kanta za ta ɗauko mayafi.

Ki haddace wa matanki alamomin har su iya faɗa kamar karatu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko cibiyar jariri ta riga fitowa, mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba. A wajen awo su tambayi malama game da misoprostol, ƙwayar da ke tsayar da jini. Amma ki ja kunnensu da ƙarfi, ba a shan ta sai jariri ya fito an kuma tabbatar babu na biyu a ciki, don in an sha da ciki tana iya fasa mahaifa. Ku kuma kuna kusa da Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a babban asibiti tun 2008, ba sa karɓar kuɗi.

Wani direba daga Kafin Hausa:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Maganar mota ki biyo ta tasha. Ƙungiyarmu ta direbobi, NURTW, ta daɗe da tsarin direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda, an koya wa da yawanmu yadda ake kwantar da mace a mota, wanda ya yi kuma akan ba shi lodi ba layi. Ki sa maigidanki ko mai unguwa ya raka ki wajen shugaban tasha mafi kusa, a ba ki lambar mutum uku, kada ki dogara da ɗaya. Ki tambayi ƙaramar hukuma ko mazaɓarku na da motar Haihuwa Lafiya, shirin gwamnatin Jigawa na kai masu naƙuda asibiti, da wanda makullin ke hannunsa. Mu dai abin da ke karya mana gwiwa a tashe mu ƙarfe biyun dare, a je a dawo, a rasa mai zuba ko lita ɗaya.

Wani ɗan uwa:
Ni fa ina tsoron irin wannan. Yau shugabar mata, gobe mace ta fita ba da sanin mijinta ba ta ce kwamiti ne ya ce. A bar wa maza harkar shugabanci.

Wata malamar Islamiyya daga Gaya:
Malam, ka sake karanta abin da baiwar Allah nan ta rubuta. Izinin miji take nema a samu da wuri, ba ta ce a tsallake shi ba. Kuma jagorancin mace a cikin mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar mata ɗalibai, 'Yan Taru, suna kai ilimi ƙauyuka, mata suna kula da marasa lafiya da marayu, tun Turawa ba su zo ba. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, tana da makarantu da asibitoci. Namiji ba ya shiga ɗakin naƙudar matar wani, to wa zai ga jinin ya faɗa in ba mace ba? Ke kuma ƙanwata, ki roƙi liman ya yi huɗuba ɗaya a kan wannan kafin maza su fara tafiya. Abin da aka ji daga mumbari ya fi zama a zuciyar magidanta.

Wata uwa, tsohuwar mai bi gida-gida a aikin foliyo:
'Yata, ni kan Inna zan yi magana, don in ba ki gyara nan ba sauran duk wahalar banza ce. Na yi wannan aiki bayan Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003 aka dawo da ita a 2004. An rufe mana ƙofa, an kira mu 'yan kwangila, an ce haihuwa muke kashewa. Gidan da ungozoma ta shiga gabanmu ba a taɓa kore mu ba. A haka aka bi har 2020 aka bayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna.

Tsohuwar nan tana tsoron abu biyu ne, cinta da girmanta. Sabulu, tiyar hatsi, naman suna, ɗan kuɗin wanka, da su take rufa wa kanta asiri. Ki je da goro da sassafe, ki durƙusa, ki ce "Inna, an ɗora mini abin da ya fi ƙarfina, na zo ki riƙe ni." Ki sa a yarda a gaban mata cewa ko a asibiti aka haihu hakkinta na nan, ita ke rakiya, ita ke wankan jariri da na mai jego. Ki karɓo mata man cibi na chlorhexidine daga asibiti ya zama a hannunta yake, a daina toka da man goge baki. Ranar suna ki yabe ta da suna a gaban jama'a. Za ki ga ita ke fara turo miki yaro da dare.

Wata ma'ajin adashe daga Ringim:
Kuɗi kada ya kwana a ɗakinki ke kaɗai. Akwati a wajen wata, makulli a wajen wata, littafi a wajenki, a karanta lissafi da ƙarfi duk wata. Rance ne, a biya bayan suna. Mazan ma su ba da tiya-tiya lokacin kaka a sayar.

Wata kuma:
Hatsi ba ya zuba wa mota mai da tsakar dare. A sayar tun da wuri a bar tsabar kuɗi. Zancen kwamiti kuma, ki ce a rubuta maganarki a littafin zama, zama na gaba ki ce a karanta. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso na shiga asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. In naku na ciki, hakkinki ne ki ji yadda ake kashewa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa maigida duka, ya ce shi zai fara ba da nasa izinin a gaban liman ranar Juma'a, kuma na sayi goron Inna. Saura abu ɗaya. Da damina ruwa ke yanke mana hanya, a ambaliyar 2022 sai da kwale-kwale muke fita. Wannan fa?

Malamar asibiti:
Ki rubuta duk mai cikin da watan haihuwarta zai faɗo Agusta ko Satumba. Da cikin ya shiga wata tara ta koma wajen dangi a garin da ke da asibiti, kamar yadda ake kai mai haihuwar fari goyon ciki. Ki fara da mai cikin fari, mai tagwaye, mai hawan jini, wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda ta haura haihuwa biyar. Ki sa wannan ma cikin izinin da mazan za su bayar.