Lekki ko Apapa, ko dai in sa a rubuta Dala? Masu gogewa ku agaza

Baban Khalifa: Salam 'yan'uwa. Na sayi injinan casar shinkafa a Guangzhou ta ƙasar Sin, kwantena ɗaya mai ƙafa 40, kuma ban taɓa shigo da kaya da sunana ba. Form M, takardar izinin shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ya fito, yanzu kamfanin suna jira in gaya musu tashar jirgin ruwa ta Legas da za su rubuta a takardar jirgi kafin Juma'a. Ejan ɗaya ya ce Lekki tunda sabuwa ce komai da na'ura, wani ya ce Apapa don can ya san mutane, abokina kuma ya ce a wuce da ita tashar tsandauri ta Dala a yi kiliya, wato a biya kwastan a fitar da kayan, a Kano. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya dan Allah.

Ɗan Kwari: Alhaji bi ta Kwatano ka huta, mu atamfa haka iyayenmu suka yi ta yi.

Baban Khalifa: Malam inji ne ba atamfa ba, kuma na ce Form M ɗina na Najeriya ya riga ya fito.

Abu Ejan: Yallabai Lekki ba wasa ba ce. Zurfin ruwanta mita 16.5, manyan jiragen da Apapa ba ta iya ɗauka suna shiga, Buhari ne ya buɗe ta a Janairun 2023, kusan dala biliyan 1.5 ta ci. Amma fa ka gane, ba kai kaɗai ke zaɓen tasha ba, kamfanin jirgin da aka ɗora wa kayan yana da inda yake sauka. Ka fara tambayarsu wannan tukuna.

Hajiya Maman Ummi: Ni duk wanda ya ce min sabuwar tasha dariya yake ba ni wlh. Ɗana bari in ba ka labarina ka yi hankali. Kayan kicin na kawo, na haɗa kuɗina da na ƙanwata har da na adashen mata, na damƙa wa wani ejan da aka ce min mutumin kirki ne har Makka ya je. Jirgi ya iso, ya ce PAAR, takardar kwastan ta lissafin haraji, bai fito ba, na jira, ya ce netwok, na jira, ashe takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya ce bai yi ba tun farko kuma bai faɗa min ba. Lokacin kuma dala ke ta hawa a 2024, canjin da ake lissafa haraji da shi yau daban gobe daban, kuɗin da ya ce min da farko sai ga shi ya kusa ninkuwa, ga kuɗin kwana na kamfanin jirgi yana hawa ga na ajiya a tasha shi ma yana hawa, biyu ne fa daban-daban, ni ban ma san haka ba sai da na ga risit. Ƙarshe ya kashe waya. Da kaina na tafi Legas na zauna a kan benci gaban ofishinsa da ledar takardu a cinya, yaronsa yana ce min oga ya fita. Sarƙata na sayar na fitar da kayan, da aka buɗe wasu kwalayen duk sun jiƙe. Har yau matan adashe kallon ɓarauniya wasu ke min.

Ummu Sadiq: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Abu Ejan: Hajiya Allah ya ba da haƙuri, amma wannan ai laifin mutum ne ba na tasha ba. Kin duba lasisinsa kuwa?

Hajiya Maman Ummi: Kai ma ejan ne ai, me za ka ce? Duk kanwar ja ce.

Direba Na Allah: Ku bar ejan su yi ta zuba, mu da ke kwana a ƙarƙashin tirela mu muka san tasha. Kafin a kawo Eto, tsarin kiran tireloli ta waya, a 2021 layin motoci daga Apapa har kan gada yake, yanzu gaskiya ya ragu, ka yi bukin a waya a kira ka. Lekki kuma ciki tas, amma fitowa sai ka zagaya ta Epe ka faɗa Ijebu Ode kafin ka kama hanyar Ibadan. Ƙafa 40 zuwa Kano ni miliyan 3 da rabi nake ɗauka.

Ɗan Kwari: Haba direba, watan jiya miliyan 2 da dubu 800 ƙanena ya biya.

Direba Na Allah: Da mayar da kwantena ko babu? Tambaye shi. Ko dai a jaki aka kawo masa 😂

Sani Dawanau: Ni an ce min har 4 ake biya in kayan na da nauyi, inji kuma ai ba auduga ba ne.

Baban Khalifa: To maganar Dala fa? Ba wanda ya taɓa ta.

Injiniya Bash: A ƙa'ida abu ne mai kyau. Tana Zawaciki, an ƙaddamar da ita a 2023, ta Kaduna tun 2018. Manufar ita ce kaya su taho a rufe da hatimi, a duba su a biya haraji kusa da gida. Matsalar ita ce an gina tunanin ne a kan jirgin ƙasa, sabon layin dogo kuma da aka buɗe a 2021, wanda ya tashi daga Apapa, iyakarsa Ibadan, sauran sai tsohon layin Turawa ko tirela. Gyaran tasha ba kreni da sikana kaɗai ba ne, in hanyar fitar kaya ba ta gyaru ba cunkoson wuri kawai ya canza.

Hajiya Maman Ummi: Injiniya kwantena nawa ka taɓa fitarwa?

Injiniya Bash: Ba sai na fitar ba Hajiya, fannina ne.

Sani Dawanau: Karatu daban kasuwa daban. Mu masu fitar da riɗi ba mai tuna mu ma, kullum zancen masu shigowa ake. Ka loda kaya a Dawanau, kafin ka isa Legas an tsayar da kai a shingaye ba adadi, kowa da irin kakinsa da irin risit ɗinsa, in ka makara jirgi ya tashi ya bar ka, mai saye a waje ya ce ka saɓa alkawari.

Direba Na Allah: Yauwa Malam Sani, faɗa musu. Akwai wasu ma ba kaki, sanda kawai da katako mai ƙusa, su ce kuɗin ƙaramar hukuma. Kuma mai kaya ya ɗauka ni na cinye.

Ummu Sadiq: Ni kuɗin jinginar kwantena da na bayar har yanzu ba a dawo min da shi ba, wai an mayar da ita a makare. Akwai wanda ya taɓa karɓar nasa cif-cif?

Ɗan Kwari: Hajiya wannan ki sa shi a sadaka kawai 😂

Baban Khalifa: Jama'a Juma'a fa jibi ce. Abu Ejan na tambayi kamfanin jirgin, sun ce jirginsu yana sauka duka biyun.

Sani Dawanau: Direba wai shingen nan na bayan Jebba har yanzu yana nan?